Wa Zai Biya Kuɗin Bincike A Ƙasar Gobir?

A cikin watan Afrilu na shekarar 2024 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa wani ciwo ya ɓulla a ƙasar Isa, cikin Jihar Sakkwato, wanda likitoci ba su gane kansa ba. Yawancin waɗanda ya kama yara ne. Sai ciki ya kumbura ya cika da ruwa, zazzaɓi ya rufe yaro, ya yi ta amai, ya rame. Sa'ad da aka ba da sanarwar an ƙidaya mutum 164 a gundumomi shida, watau Bargaja, da Isa ta Arewa, da Isa ta Kudu, da Tozai, da Tsabre, da Turba, huɗu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Ba a jima ba aka ji labarinsa a ƙasar Sabon Birni. Da aka auna jinin waɗansu daga cikin marasa lafiyan sai aka ga alamar dalma a ciki. Hukumar kuma ta faɗa da bakinta cewa an ga irin wannan ciwo a 2023, ya zo ya wuce ba a tabbatar da ko mene ne ba.

Ba mu ɗauko wannan magana don mu zargi kowa ba. Gwamnati ta aiko da likitoci, asibitin koyarwa na Sakkwato ya karɓi marasa lafiya, an ɗebi jini da ruwa da ƙasa an kai wurin awo. Amma fa aikin da a ke yi ran da annoba ta faɗo kamar kashe gobara ne, wuta na mutuwa kowa sai ya ɗauki gugansa ya koma gida. Sanin inda wutar ta ke tasowa wani aiki ne dabam, shi a ke kira bincike, ba a kuwa gama shi cikin mako biyu. Sai an sami mai ilmi ya tsaya shekara uku ko biyar yana auna rijiya bayan rijiya, rani da damina, yana rubutawa. Masu wannan aiki su ne malaman jami'a da ɗalibansu. To, wa zai ɗauki nauyinsu?

Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da masu hannu da shuni na ƙasarmu za su kafa waƙafi domin bincike, a danƙa shi ga jami'o'in da su ke maƙwabtaka da ƙasar Gobir, a kuma rubuta cikin sharuɗɗansa cewa lafiyar mutane da ta dabbobi, na gida da na daji, tare za a duba su.

Me Ya Haɗa Yaro Da Ungulu?

Wani zai ce, mun ji batun yara, amma me ya kawo naman daji cikin maganar? Ga dalili. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a waɗansu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya kula. Bayan 'yan watanni sai yara suka bi, har fiye da 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum. Da aka bincika sai aka tarar dalma ce cikin duwatsun zinariya da a ke niƙawa a tsakar gida. Agwagwa tana kiwo a ƙasa, yaro yana wasa a ƙasa, gubar da ta kashe ta ita ta kashe shi, sai dai ita ta riga shi. Da akwai wanda aikinsa ne ya tambayi abin da ya ke kashe agwagi, da watakila an ceci rayuka masu yawa.

Misali na biyu daga Indiya ya ke. Daga wajen 1990 ungulayen ƙasar suka shiga mutuwa, har cikin kowace ɗari ba a sami biyar da suka tsira ba. An yi shekaru ana ta kame-kame. Sai a 2004 wani likitan dabbobi na Jami'ar Jihar Washington ta Amurka da abokan aikinsa na Pakistan, da kuɗin wata ƙungiyar masu son tsuntsaye, suka bayyana cewa wani maganin ciwon jiki ne da a ke yi wa shanu, sunansa diklofenak. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Indiya ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana ɓata ruwa, karnukan da ba su da iyayen gida suka yawaita, haukan kare ya ƙaru. Waɗansu masana biyu da suka yi lissafi a 2024 sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Yanzu sai mu dubi gida. Wanda ya yi wayo kafin shekarun nan ya san ba a yanka a mahautar Sabon Birni ko ta Isa ba tare da ungulu ta yi layi bisa katanga ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin waɗanda su ke bakin ƙarewa, babban abin da ya ke cinye ta a Nijeriya kuwa shi ne cinikin kanta da ƙafafunta a wurin 'yan magori. Ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba. In ta tafi, wa zai kwashe mushen jakin da ya faɗi a bakin tafkin da gari ya ke sha? Haka gauraka, wadda da ta ke cika fadamu, yau da ƙyar a ke ganinta a Nijeriya. Duk dattijon da ka tambaya a Tsamaye ko Gatawa zai lissafa maka naman dajin da ya sani yana yaro wanda jikokinsa ba su taɓa sa wa ido ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kore su, ko sarar daji ne, ko farauta, ko guba, yana nan tare da mu, ya kamata kuwa mu san shi.

Abin Da Kyautar Waɗansu Ta Yi Mana

Kada a zaci wannan shawara sabon abu ce. Mun daɗe muna shan inuwar itacen da waɗansu suka dasa. A 1913 wani attajirin man fetur na Amurka, John D. Rockefeller, ya kafa gidauniya da dukiyarsa. A 1925 gidauniyar ta buɗe ɗakin binciken ciwon shawara a Yaba, can Ikko. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a Gwalkwas, wadda yanzu a ke kira Gana, daga ƙwayar cutar da aka samu cikin jininsa kuwa aka yi allurar rigakafin shawara a 1937. Watau shekara goma sha biyu ana zuba kuɗi kafin a ga amfani, likitoci kuma suka mutu a kan aikin. Har yau irin wannan allura a ke yi wa 'ya'yanmu.

Sanƙarau kuwa ba sai an gaya wa Bagobiri ko mene ne ba. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2001 gidauniyar Bill Gates da matarsa ta lokacin ta ba da dala miliyan 70 don a yi allurar da talakan Afirka zai iya samu. Sai da aka shekara tara, a 2010 aka fara yin ta a Barkina Faso da Mali da Nijar, a 2011 ta iso Nijeriya, irin sanƙarau da ya fi yi mana ɓarna a da ya kusa ɓacewa. Da wani irin ya taso a Zamfara da Sakkwato a 2017 ya kashe fiye da mutum 1,000, masu bincike ba su tsaya ba, a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar. A cikin birnin Sakkwato ma, asibitin yara masu ciwon noma, wanda ya ke cin baki da kumatu, da taimakon masu alheri na Turai aka buɗe shi a 1999.

Ta wajen naman daji misali mafi kusa yana Jos. A 2001 wani ɗan gidan Leventis, 'yan kasuwan nan da kowa ya san kantunansu, ya kafa makarantar binciken tsuntsaye a dajin Amurum, tare da Jami'ar Jos da mutanen ƙauyen Laminga. Ya ba da kuɗin gini, ya kuma ci gaba da biyan kuɗin karatun ɗalibai shekara da shekaru, har yanzu 'yan Nijeriya da suka fita daga can su ke koyar da wannan ilmi a jami'o'i dabam-dabam. A Nijar kuwa raƙuman dawa na wajen Kure, kusa da Yamai, sun ragu har saura 49 a 1996. Aka bi su ɗaya-ɗaya ana ɗaukar hotonsu, don zanen jikin kowane dabam ne, aka kuma taimaki ƙauyukan da su ke zaune tare da su. Kafin 2018 sun wuce 600, a cikin watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauki takwas aka kai gandun dajin Gadabeji, arewa da Maradi. Duk waɗannan misalai abu guda ya haɗa su, watau haƙurin mai bayarwa.

Guntun Gatarinka

To, tun da baƙi suna bayarwa, don me za mu dami attajiranmu? Dalilai biyu ne. Na farko, mai bayarwa shi ke zaɓen abin da za a bincika, shi ke kuma yanke ran da za a daina. A 2025 Gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta mai ba da taimako ga ƙasashen waje, ayyukan lafiya da yawa a ƙasashen Afirka suka tsaya cikin 'yan makonni. Kumburin cikin yaran Isa kuwa ba ya barazana ga kowa a Landan ko New York, don haka ba shi cikin abin da zai hana su barci. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Na biyu, amana. A lokacin sanƙarau na 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Binciken da kuɗinsa na gida ne, masu yinsa 'yan gida ne, mai gari kuma ya san iyayensu, ya fi saurin shiga zaure.

Ba mu ce attajiranmu ba su da kyauta ba. Alhaji Aliko Ɗangote ya sa dukiyarsa cikin yaƙi da shan inna, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, ya kuma yi gine-gine a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. A 2021 Alhaji Abdussamad Rabi'u ya ba waɗansu jami'o'i naira miliyan dubu kowace. Allah ya saka musu da alheri. Amma in ka duba yawancin kyautar da a ke yi wa makarantu a ƙasarmu, daga ta manya har ta ƙanana, sai ka ga gini ne, domin gini yana da bangon da za a rubuta suna. Man motar da za ta kai malami Tsamaye, da kwalaben ɗibar ruwa, da abincin ɗalibin da zai shekara uku yana auna su, ba su da bango. Ga su kuwa su ne aikin. Ɗakin awo da ba a awo a cikinsa rumbu ne ba hatsi.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne ga addininmu. Malamai sun karantar da mu cewa sadaka mai gudana da ilmin da a ke amfana da shi suna cikin abin da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Waƙafin bincike ya haɗa duka biyu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Abin mamaki, wani Bature mai sayar da magunguna, Henry Wellcome, da ya mutu a 1936 ya bar wasiyya irin ta waƙafi, a riƙe uwar dukiya a ci gaba da kashe ribarta wajen binciken lafiya, yau gidauniyarsa tana cikin mafi girma a duniya. Mu da mu ke da hukuncin a littattafanmu mu muka bari.

Maganar Tsaro

Akwai wanda zai ce, ana kashe mutane a kan hanya, kuna zancen ungulu? Maganarsa tana da nauyi. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa ƙasar Maradi gudun 'yan bindiga, a watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Lalle tsaro shi ne kan gaba, aikin Gwamnati ne kuwa. Amma ciwo ba ya jiran a gama yaƙi, a irin wannan lokaci ma ya fi cin mutane, domin an bar gonaki, yunwa ta shigo, an taru a wuri guda ana shan ruwa ɗaya. Sa'an nan tun da baƙo ba zai iya shiga ba, dole a koyar da ɗan gari. Dajin Gundumi da Clapperton ya ratsa a 1824 yana nan, amma wanda aka bar wa shi yau ba malamin daji ba ne. Dajin da hukuma da masu ilmi suka daina shiga, wani zai shiga.

Yadda Mu Ke Ganin A Tsara Shi

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen likitancin mutane da na dabbobi. A Maradi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Gobirawa suna Sabon Birni suna Tsibiri, Gulbin Maradi ya ratsa iyaka ya faɗo cikin Rima, sanƙarau da ungulu ba su nuna takarda a bakin iyaka. Ya kamata malaman jami'o'in nan biyu su yi aikin tare. A ce attajirai ashirin daga gabashin Sakkwato kowa ya ajiye naira miliyan 50, an sami miliyan dubu ke nan. Ga sharuɗɗan da mu ke ganin su dace.

Na ɗaya, kada a taɓa uwar kuɗi, riba kaɗai za a kashe, a rubuta waƙafin a gaban Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato. Na biyu, a riƙa buga lissafin shiga da fita kowace shekara a jarida, kowa ya gani. Na uku, tambayoyin da za a bincika su fito daga ƙasar, a fara da kumburin cikin yara, da awon rijiyoyi da tafkuna, da ƙidayar ungulu, da irin magungunan da a ke ba shanu da waɗanda a ke fesawa a fadama. Na huɗu, kada a ɗebi jinin yaro sai an yi wa iyayensa bayani da Hausa sun yarda, in an gama kuma a komo ƙofar hakimi a faɗi abin da aka gano. Na biyar, kowace shekara a ɗauki nauyin karatun 'yan ƙasar, maza da mata, da sharaɗin su yi bincikensu a gida. Matan nan suna da muhimmanci ƙwarai, domin su za su shiga cikin gida inda yaran su ke.

Rabon Akawu Da Malamin Makaranta

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikatan ofis da malaman makaranta, kada ku ce wannan zancen masu kuɗi ne. A zamanin En'e, kafin a sauya tsari a 1976, akawun hakimi ya kan riƙe littafin haraji da na jangali, ya san yawan mazajen kowane ƙauye da shanunsa. Wannan hali na rubutawa shi mu ke roƙo a farfaɗo da shi. Littafi guda da alƙalami sun isa. In yaro ya rasu a rubuta rana, da shekarunsa, da yadda ciwon ya fara, da rijiyar da gidan ke sha. In kaji ko agwagi ko karnuka sun mutu da yawa a unguwa, a rubuta, a kuma gaya wa malamin asibiti da malamin dabbobi a rana ɗaya. Malamin makaranta ya tura yara biyu mahauta kowace ranar kasuwa su ƙidaya ungulu, da iznin Sarkin Fawa, ya kuma zaunar da tsofaffin maharba da masunta ya rubuta sunayen dabbobi da kifayen da suka sani da inda su ke samunsu. Da haka wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga a 1916, har yau masana suna komawa gare shi. Malamin jami'a da ya zo ya tarar da littafin shekara biyar a Tsamaye, an rage masa rabin aiki.

Sa'an nan ku ne ku ke rubuta wa manya wasiƙa, ku ke tsara musu jawabi, ku ke zama kusa da su ran taron ƙungiyar ci gaban gari. In Alhaji ya ce yana so ya yi abin da za a tuna da shi, ku gaya masa labarin Rockefeller da na Leventis, ku tuna masa da yaran Isa su 164. Ku ce masa rijiyar da ya haƙa alheri ce, amma sai an auna ruwanta kafin a san ko lafiya ta ke bayarwa. Allah ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, ya ba masu dukiya ikon bayarwa, ya ba masu ilmi riƙon amana, amin.